Ranar da Aka Ɗauki Don Evaristo

A gidan Arrieta ba a saba maimaita hukunci ba. Kakan Don Evaristo da kalma ɗaya ya raba 'yarsa da wani mai fataucin taba, mahaifinsa kuwa da ɗaga gira kawai ya sallami manema biyu. Shi ma a kan wannan turba ya tashi. Amma da la'asar ɗin wannan Asabar, karo na huɗu ke nan yana faɗa wa 'yarsa Ledis magana ɗaya.

"Na ce ba da yawuna za ki auri Wilfrido Caro ba."

Ledis tana tsaye gaban masaƙarta, hannunta cikin zaren hamakar da take saƙawa, wato ragar kwanciya da ake ratayewa. Ba ta juyo ba, don kada ya ga idonta.

"Baba, shekara uku ke nan da likitocin Cartagena suka sallame shi."

"Mahaifiyarki ma sun sallame ta. Shekara biyu da wata biyar ta yi tana dariya a tsakar gidan nan, sannan abin ya dawo."

"Ba jikinsu ɗaya ba."

"Sankarar jini sunanta ɗaya, ko a jikin wa ta sauka."

Ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Mutum ne mai jiki, mai farin gashin baki, wanda ya shekara talatin yana rina zare yana sayar wa matan ƙauyen Las Tinajas, har shuɗi ya zauna a farcensa ya ƙi fita.

"Ki saurare ni, 'yata. Shekara takwas da suka wuce, da ruwa ya cinye hanyar mota, a cikin hamaka na kwantar da uwarki, na zura sandar gora, na ɗora a kafaɗar nan, na gangara da ita har garin San Roque. Ban huta ba, ban waiwaya ba. Ni kaɗai na san nauyin da na ɗauka ran nan, kuma har yau ban sauke shi ba. Shi kike so in ɗora miki da hannuna?"

Yayarsa, Goggo Eufemia, tana gefe tana feraye doyar miya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai kaɗai, in ji ka. Ashe sanda ta koma mai baki ɗaya ban ji labari ba."

"Eufemia, da 'yata nake magana."

"Ni kuma da doyata nake."

Ledis ta saki zaren ta juyo, hawaye sun riga sun kai haɓarta.

"Baba, ka san shi tun yana rarrafe. Sarewar da ake busawa a cocinmu shi ya ƙera ta. Bai taɓa sha ya kwana a kwata ba, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Da ɓarawo ne ko mashayi, da sai in ce ya tuba in jira shi. To wannan laifin nasa, ina zai kai shi ya tuba? Ciwo ya same shi, ya yi jinya, gashinsa ya zube ya sake tsirowa, Allah ya tashi kafaɗunsa. Yanzu kuma mu ne za mu mayar da shi kwance da bakinmu?"

"Ban ce yana da laifi ba. Yaron kirki ne. Amma kirki bai taɓa hana a haƙa wa mutum kabari ba." Ya mayar da malafar kansa, alamar an zo ƙarshen zance. "Hernán Buelvas ya zo mini sau uku. Motocinsa uku suna kai fiya Barranquilla, kakarsa shekararta casa'in da ɗaya tana tauna ƙashin kaza. Gobe shi zai ɗauke ni a Tafiyar Hamaka, kuma in mun isa dandalin San Roque, a gaban Fadan coci da jama'a zai nemi aurenki. Na riga na ba shi izini."

Wuƙar Goggo Eufemia ta tsaya cak a jikin doya.

"Kai za a ɗauka? Kai da ka shekara bakwai kana rufe taga in tafiyar ta zo wucewa?"

"Ina so gari ya ga kafaɗar surukina."

Ledis ta dafa masaƙa. Shekarunta ashirin da shida, kuma babu mai iya kai ta gaban Fada da ƙarfi, wannan kowa ya sani. Amma in ta ce a'a a tsakiyar dandali, ta tsinka mahaifinta a idon garuruwa biyu. In kuwa ta ce to, ta binne Wilfrido da ransa. Tsakaninta da ɗayan biyun nan saura kwana ɗaya.

* * *

Tafiyar Hamaka ba tsohuwar al'ada ba ce, sai dai a kan tsohuwa aka gina ta. Tun kafin a fasa hanya a duwatsun nan, a hamaka ake saukar da marar lafiya zuwa gari, mutum biyu ƙarƙashin sanda, sauran a biye. Bayan rasuwar Doña Nicolasa, mahaifiyar Ledis, mata masu saƙa suka yi shawarar a riƙa tara wa masu sankarar jini abin mota da masauki da abinci in sun tafi jinya Cartagena. Da yake mata ne masu lura, suka gane cewa aljihun ɗan Adam ya fi saurin buɗewa ga dariya a kan kuka. Sai suka ce kowace shekara a samu lafiyayyen mutum mai daraja, gwargwadon tumbinsa gwargwadon alheri, a kwantar da shi a hamaka a gangara da shi kilomita bakwai, jama'a na binsa da tsiya suna jefa abin da Allah ya hore a malafu.

Shekarar farko Fada Clímaco aka ɗauka. Ta biyu mahauci Don Pompilio, wanda ya karya sanda biyu kafin rafi. Ta huɗu ungozoma Doña Sixta, wadda ta yi barci tun daga ƙofar coci, masu ganga suka daidaita kiɗansu da minsharinta. Don Evaristo kuwa duk shekara sai an roƙe shi, duk shekara sai ya ƙi.

Kafin rana ta faɗi Ledis ta isa rumfar Wilfrido. Ta same shi yana mulmula kakin zuma da garin gawayi a kan sarewa, gashin agwagwa maƙale a kunnensa. Siriri ne dogo, mai yawan murmushi, kamar wanda aka ba kyautar da bai zata ba.

Ta zayyana masa kome, sannan ta ce, "Mu tafi, Wilfrido. Akwai motar asuba."

"In tafi da ke in bar dattijo kwance a hamaka yana neman wadda za ta riƙe masa laima?" Ya ajiye sarewar. "Ƙauyen nan a kafaɗa ya ɗauke ni, Ledis. Ba zan saka masa da satar 'yar mutane ba."

"To gobe in ce me?"

"Ki faɗi abin da za ki iya kwana da shi har tsufanki."

"Wannan ba amsa ba ce. Wannan wa'azi ne, kuma Fada ya fi ka iyawa." Ta fashe da kuka. "Kai ba ka jin tsoro? Mutumin nan ya kawo riguna ɗari uku da hoton motarsa a baya, ya ɗauko mai hoto daga birni, har ya sa an auna yatsana ta hannun ƙanwarsa. Kai kana nan kana wasa da kakin zuma. In ba ka so na kamar yadda nake son ka, ka faɗa mini yau in san inda zan kai zuciyata."

"Ina jin tsoro. Na san tsoro fiye da yadda na san sarewa." Ya goge hannunsa, ya tsaya gabanta ba tare da ya taɓa ta ba. "Kuma mahaifinki ba mugu ba ne. Ni ma da ina da 'ya, na dubi kafaɗar nan tawa mai kama da maratayin riga, da sai na yi tunani sau biyu."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka, ta kai masa duka a maratayin rigar.

"Gobe ina cikin masu jan ƙyalle," in ji shi. "Duk inda kika waiwaya za ki gan ni. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

* * *

Gari ya waye da sarewa da ganguna. Kafin ƙarfe bakwai filin coci ya cika ya batse. Ƙartin manoma sun sha fararen rigunan nas da jan baki, suna bin mutane da allurar gora mai tsawon kamu uku. An sa wa jakin Don Pompilio rigar likita da tabarau. Tsofaffin mata sun ɗora jan gashin kanti, kowace da malafar karɓar sadaka. Waɗanda suka yi jinyar ciwon suka tashi kuwa, su goma sha tara daga ƙauyuka shida, sun ɗaura jan ƙyalle a wuya, kuma duk inda suka gitta sai a buɗe musu hanya.

Da Don Evaristo ya fito cikin farar rigarsa ta zuwa coci, filin ya ɗauki sowa.

"A kawo sanda ta uku, jama'a, ta Pompilio ba za ta yi ba."

"Don Evaristo, ka karya kumallo ko mu gode wa Allah?"

"Wanda ya ci doyar ƙauyen nan shekara sittin, yau ƙauye zai ji nauyinta."

Bai yi dariya ba, amma gashin bakinsa ya motsa. Ya zauna a hamakar da Ledis ta saƙa da hannunta, shuɗiya mai ratsin fari, ya miƙe ƙafafu, ya rufe fuska da malafa. Ledis ta buɗe laima ta tsaya a gefensa, kamar yadda ya wajaba ga ɗan gida.

Hernán Buelvas ya iso da sabon takalmi da ƙamshin turare. Kyakkyawa ne, ƙaƙƙarfa, ba shi da mugunta, sai dai tun yana shekara shida aka kai shi birni, can ya girma. Ya dubi hamakar, ya dubi mai hotonsa da ke tsaye a bakin hanya, ya ce wa direbansa, "Ka kama wajen kai, ni in kama wajen ƙafa in shige gaba. Dattijo ya riƙa ganin hanya, hoto kuma ya kama fuskokinmu tare."

Suka ɗaga. Suka yi taku ɗaya, biyu, uku.

Gangar farko ta yi shiru. Ta biyu ta bi ta. Sarewa ta yanke a tsakiyar numfashi. Ledis ta ga Doña Sixta ta yi alamar gicciye, ta ga ƙartin nan masu jan baki suna cire malafunsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi hamakar, jikinta ya yi sanyi.

A duwatsun nan mai rai da kai ake fitar da shi. Gawa ce ake fitarwa da ƙafa.

Don Evaristo ya ɗaga malafa daga fuskarsa, ya ga ƙafafunsa sun nufi hanya, ya ga ƙofar maƙabarta a hannun dama. Direban, da ya ga ɗaruruwan idanu a kansa, ya ruɗe ya fara durƙusawa zai ajiye sandar a ƙasa, abin da shi ma ba a yi sai ga wanda ya cika a hanya. Wata tsohuwa ta toshe bakinta da hannu.

"Kafaɗa."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kowa ya ji. Wilfrido ne, ya riga ya sunkuya ƙarƙashin sandar.

Dokar kalmar nan ta girmi cocin kanta. Wanda ya ce kafaɗa ba a hana shi, ko maƙiyin gida ne. A shekarar babban fari, 'yan'uwan Barrios biyu da suka shekara goma sha biyu ba sa gaisawa a kanta suka ɗauki uwarsu. A zamanin tashin hankali ma, an ga mutumin da aka ƙone wa rumbu ya ba wanda ya ƙone shi sanda, don ya faɗi kalmar. Don Evaristo ya fi kowa sanin wannan. Ya rufe ido.

Wilfrido ya karɓi nauyin, gwiwoyinsa suka yi rawa sannan suka tsaya. A hankali ya zagaya da hamakar har kan dattijon ya fuskanci San Roque, shi yana gaba, Hernán ya koma baya.

"Don Hernán, in na taka dama ka taka hagu. In muka taka tare za ta yi lilo, sai ya amayar mana da doyar shekara sittin."

Wani ya tuntsire da dariya, filin ya saki numfashi, ganguna suka dawo.

* * *

A faɗi gaskiya, Hernán ya yi ƙoƙari. Ya koyi takun, ya ɗauka har gangaren farko, sai da rigarsa ta manne da jini a kafaɗa sannan wata malamar makaranta mai jan ƙyalle ta ce kafaɗa ta karɓe shi. Bayanta wani manomin rogo, bayansa wani tsoho mai haƙori biyu, duk masu jan ƙyalle. Waɗanda aka taɓa saukarwa kwance, yau su ke saukar da mai lafiya. Bakin sandar na gaba kuwa, inda Wilfrido yake, babu wanda ya nema. Ledis ta lura da yadda maza ke kallon Wilfrido suna kau da kai, ta gane ƙauyen ne gaba ɗaya ya haɗa baki ba tare da an yi shawara ba.

A Kwanar Iska hanya takan naɗe kamar igiya, mai tsaye a ƙasa ya ga duk abin da ke bayansa har ƙofar coci. Nan ta ji muryar mahaifinta, ƙasa-ƙasa.

"Ledis. Su wane ne waɗannan?"

Ta waiwaya, laimar ta kusa suɓuce mata.

Dutsen ne gaba ɗaya yake saukowa. Daga kwanar har can sama inda hazo bai gama tashi ba, hanya ta zama kogin mutane: fararen riguna, jajayen kawuna, laimomi, jakuna, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, mutanen ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba suna ɓullowa ta ƙananan hanyoyi suna shiga ciki kamar rafuka. Rana ta faɗo a kansu ta gefe. Kiɗan da ke gaba da wanda ke baya suka haɗu a kwarin suka zama abu ɗaya mai kama da numfashi. Ta sha yin tafiyar nan, amma kullum a cikin kogin take. Ba ta taɓa tsayawa inda marar lafiya yake kallo ba.

Dalilin fitar da mai rai da kai ke nan, kamar yadda magabata suka tsara: wanda aka kwantar haka baya yake kallo. Ba a nuna masa nisan hanya. Waɗanda suka biyo shi ake nuna masa.

Goggo Eufemia ta matso da jan gashinta a karkace. Wannan karon babu tsiya a muryarta.

"Haka suke ranar Nicolasa, Evaristo. Ba su kai wannan yawa ba, amma ko kare bai zauna gida ba. Mutum goma sha ɗaya suka canji juna a bayan sandarka, cikin ruwa da laka. Bakin da ke kafaɗarka ne ba wanda ya iya nema, don mun ga fuskarka."

Hamakar tana tafiya sumul, kamar kwalekwale a ruwa kwance.

"Tana ta kiran sunaye," in ji Don Evaristo daga bisani. "Tun daga coci har rafi. Sixta, Pompilio, Chepe, wance, wane. Tana kira tana dariya. Na ɗauka zazzaɓi ne ya taɓa mata kai. Shekara takwas ina jin muryar nan a kunnena, ina cewa matata ta fita hayyacinta a kafaɗata."

"Gaisawa take yi, ɗan'uwana. Kowa ta kira sai ya ɗaga mata hannu."

Don Evaristo ya ja malafa ya rufe fuskarsa. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ledis ta sauke laimar ƙasa-ƙasa ta kare shi daga idon mutane, nata hawayen suna zuba ba ta da hannun sharewa.

Sun kusa rafi ya yi magana daga ƙarƙashin malafar.

"Kai mai sarewa. Da aka saukar da kai, me ka gani?"

Numfashin Wilfrido yana fita da ƙyar, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. "Abin da ka gani, Don Evaristo. A kwanar can tsoro ya sake ni. Kuma akwai wata a sahun gaba da tulun ruwa a ka, tana kuka tana harararmu wai muna tafiya a hankali. Na ce a raina, in na dawo da ƙafata, sai na tambayi dalilin hararar."

"Ka gaji."

"Na gaji ƙwarai."

"To ka ba da sandar."

"Ba wanda ya nema."

Ledis ta dubi rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ta dubi ƙafafunsa da suka fara ja. Ta miƙa wa Goggo Eufemia laimar.

"Kafaɗa," in ji ta.

"Ledis," in ji mahaifinta.

"Doka ce, Baba. Kai ka koya mini."

Mace a ƙarƙashin sanda ba sabon abu ba ne, domin kakar Doña Sixta ta taɓa ɗaukar mijinta daga gona. Amma 'ya ta ɗauki bakin gaba na sandar mahaifinta, wannan ba mu da labarinsa kafin ranar. Wilfrido ya zame, gorar ta sauka a kafaɗarta.

Nauyin ya wuce duk yadda ta zata. Ya ratsa wuyanta ya sauka har tafin ƙafa, idonta ya yi duhu. Ta taka dama, ta ji na baya ya taka hagu. Ta shiga rafin, ruwan sanyi ya kai mata ƙwauri, duwatsu suna motsi a ƙarƙashinta. Ta haye. Ta yi taku ɗari, ta ƙara hamsin, kafaɗarta kamar an ɗora garwashi. A daidai lokacin da ta san ba za ta iya ƙara ko ɗaya ba, murya uku suka tashi tare daga bayanta, kowace tana neman sandar.

* * *

A gindin babban rimin da ke bakin San Roque akan ɗora sanda a kan gwafa biyu a sha ruwa kafin a shiga gari. Daga nan ana jin ƙararrawar coci da hayaniyar dandali. Don Evaristo ya tashi zaune a cikin hamakar, idanunsa jajaye, ya sa aka kira masa Hernán.

"Ɗana, na ba ka izinin tambaya, kuma ba na janye magana. Amma amsar ba a bakina take ba. In kana jin shawarar tsoho, kada ka yi tambayar a gaban jama'a."

Hernán ya dubi Ledis, wadda ke zaune a kan saiwa, Wilfrido yana riƙe mata ƙoƙon ruwa don hannunta ya ƙi ɗaguwa. Ya cire hularsa.

"Na ji amsar tun a rafi, Don Evaristo. Kuma ka yafe mini abin da na yi a ƙofar coci. Ban sani ba."

"Wanda bai sani ba bai yi zagi ba. Ka ɗauke ni har ka yi jini, ba zan manta ba."

Da Hernán ya wuce, dattijon ya juya ga Wilfrido, ya daɗe yana kallonsa.

"Ka gaya wa mahaifiyarka ina jiran ku ranar Laraba da la'asar. Ta zo da wanda zai yi magana a madadin marigayi mahaifinka."

Ledis ta miƙe, ƙoƙon ya faɗi. Amma Wilfrido bai yi murna ba. Fuskarsa ta canza, ya kwance jan ƙyallen wuyansa yana murzawa a hannu.

"Don Evaristo, akwai abin da ya kamata ka ji kafin ka faɗi haka. Ke ma, Ledis, ki gafarce ni." Ya juya ga dattijon. "Makon jiya na je awon jinin da nake yi duk wata shida. Likita ta ce akwai abin da bai kwanta mata ba, ta sake ɗiba. Ta ce wataƙila ba kome ba ne, wataƙila kuma wani abu ne. Ranar Alhamis zan ji sakamako. Ka bari sai Juma'a. In alheri ne mu zo. In ba haka ba, ba ka ɗaure kanka da kome ba."

Ledis ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam, ba ta san ko don kada ta faɗi ba ne ko don kada ya tafi. Goggo Eufemia ta cire jan gashin daga kanta. Masu ganga da ke kusa suka ɗora tafin hannu a kan fatun gangunansu.

Don Evaristo ya dubi 'yarsa, ya dubi inda gora ta ƙuje mata fata. Ya ɗaga kai ya dubi hanya, inda har yanzu mutane ke ta saukowa daga dutsen, ba a ga ƙarshensu ba. Sannan ya koma ya kwanta, ya gyara kansa wajen gari, ya harɗe hannuwa a kan tumbinsa.

"Laraba na ce," in ji shi. "Ku ɗaga, ana jiranmu."